Baba Yana Aiki

A siton da na yi aiki a Al Quoz, a Dubai, akwai wani akwatin katako a bakin ƙofa, kuma ni ne mai tsaronsa. Duk wanda zai shiga ciki sai ya ajiye wayarsa a akwatin, in an tashi ya ɗauka. An kafa dokar ne tun ranar da wani direban motar ɗaga kaya ya taka wa lebura ƙafa yana duba waya. Ni da farko ɗaurin kwali nake yi, kayan fatake masu tafiya Kano da Lagos. Da bayana ya fara ciwo, manaja ya tausaya mini ya zaunar da ni a ƙofa, ya ba ni kujera da fanka da akwatin. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da firamare da 'yar Islamiyya, saboda haka na karɓa da godiya.

Direban da ya gaji wancan Bafalasɗine ne, mutumin Gaza, dogo, mai furfura a gefen kai ko da yake bai girme ni sosai ba. Mu'allim muke ce masa, yadda Larabawa ke kiran gwanin sana'a. Shi kuma Hajji yake ce mini, duk da na sha gaya masa ban taɓa zuwa Makka ba.

"Duk wanda ya shigo nan daga ƙasarku Alhaji ne," in ji shi. "Kai kaɗai za a bari?"

Iyalinsa suna can: matarsa, da mahaifinsa tsoho, da samari biyu, da 'yar auta. Ya baro ta tana goye, kuma sau ɗaya ya samu komawa, don shiga garinsu wuya ce, fitowa ta fi wuya. Yarinyar a waya ta san ubanta.

A makonsa na farko, kafin ya saka wayar a akwati, ya nuna mini hotonta. Ba ta fi shekara shida ba a lokacin, ta rungumo wata kyanwa ta ƙarƙashin hammata, kyanwar tana lilo kamar wanki.

"Hajji, idan fuskar nan ta fito a waya, ka kira ni. Ko ina cikin kwantena."

Na ce masa ai akwai doka.

"Doka ta ce kada in riƙe waya a kan mota. Ta ce kada in sauko?"

Ya bayyana mini cewa wutar lantarki ba ta daɗewa a wurinsu, in ta zo ake cajin waya, kuma a lokacin yarinyar take kira. Ya yi mata alkawari tun tana koyon magana cewa duk sanda ta kira zai ɗauka. Na ce to, Allah ya ba ni iko.

Haka muka tsara. In ta kira, na ɗauka na ce ta ɗan jira, na ɗaga wani jan ƙyalle daga ƙofa. Da ya hango sai ya sauke kaya, ya kashe mota, ya taho yana goge hannu a wando. Kafin ya iso mukan ɗan taɓa hira. Ammu take ce mini, wato baffa. Wata rana ta dube ni da kyau ta ce, "Ammu, me ya sa kake magana kamar liman?" Larabcina na Islamiyya ne gauraye da na kasuwar Deira, har yau bai daidaita ba. Ubanta ya yi dariya har da tari.

Yawancin kiran ba na komai ba ne. Haƙori ya fita. Kyanwa ta haihu a cikin jakar makarantar yayanta. Kaka ya yi barci yana ba ta labari. Amma ina zaune a gefe nakan tsinci wasu abubuwa. A gidansu ba a rufe taga ruf, ana barin ta a ɗan buɗe don kada gilashi ya tarwatse in wani abu ya faɗo kusa. Akwai jaka a bayan ƙofa wadda ba a taɓawa, da takardun kowa a ciki. In jirage suka yi yawa a sama, gaba ɗaya gidan a lungun da ke tsakanin ɗakuna suke kwana, har da tsohon. Kuma na ji shi yana koya mata cewa duk bom ɗin da ta ji ƙararsa, to ya riga ya wuce ta. In ta tsorata yakan saci ido ya hau motarsa ya sa giyar baya, ya kara mata wayar ta ji kukan nan na ɗit, ɗit, ɗit, ya ce, "Kin ji tawa? Tawa ta fi tasu." Ina jin waɗannan abubuwa ina cewa Allah ya kyauta, ina ci gaba da fifita.

Dole in faɗi yadda mahaifina ya rasu, don ba a gane abin da na yi sai da shi. Ina Dubai ya rasu. Ba wanda ya kira ni. Na buga wa yayana, ya ce jikin Baba ya ɗan motsa amma da sauƙi. Ashe sun kira wani dattijo mutumin Kano, wakilin fatake da ke zaune a Muraqqabat, wanda duk muke ce wa Alhaji. Shi ya aiko in zo. Ya sa aka kawo tuwo da miyar kuka, ya zauna yana kallona har na ƙoshi na wanke hannu. Sannan ya matso kusa ya fara da cewa dukanmu masu tafiya ne. A lokacin har an yi sadakar uku. Ban taɓa jin haushinsu ba. Na ɗauka gata aka yi mini. Haka muke yi: ba a jefa wa mutum mugun labari yana tsaye, ko yana kan hanya, ko yana riƙe da ƙarfe. Ana nemo babba, a bar shi ya ci abinci, a zaunar da shi.

A ƙarshen azumin shekarar da ta biyo bayan kullen annoba faɗa ya ɓarke a garinsu. Mu'allim ya daina hira. Da safe yakan daɗe riƙe da wayar kafin ya sake ta a akwati, ya ce, "Hajji, ka san dai." In ce na sani.

Ana saura kwana biyu Sallah muna loda kwantenar Alhaji. Hutu na tafe, jirgin ruwa ba zai jira ba, kuma Mu'allim kaɗai ne direba a ranar. Manaja ya riga ya tsaya a kaina da safe ya ce yana ganin jan ƙyallen nan, yau ba ya son ganinsa. Alhaji da kansa yana cikin sito da carbi a hannu yana bin kwalayensa da ido.

Bayan azahar fuskar yarinyar ta fito. Na ɗauka.

Da farko ban ga komai ba sai ƙura. Sannan na ga rabin fuskarta, fari fat kamar an watsa mata gari, idon kaɗai ke da launi. Wata mace tana kururuwa a bayanta, na tsinci kalmar gida da kalmar kaka. Akwai ƙarar gilashi ana takawa. Yarinyar ba kuka take ba. Cewa take, "Ammu, Baba. Ammu, kira Baba."

Na ɗaga kai. Yana can ƙarshen sito, ya ɗaga tulin kwalaye sama da tsayin mutum biyu, leburori a ƙarƙashi suna nuna masa hanya. Jan ƙyallen yana kan cinyata.

A raina na gama yanke cewa tsohon ya rasu, wataƙila ba shi kaɗai ba. Na ce mutum da azumi a bakinsa, a kan ƙarfe, ba babba a kusa da shi, ba a gaya masa wannan. Na ce a bari a sha ruwa. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma akwai sauran. Na tuna fuskar manaja. Na tuna bizata a hannun masu siton take, kuma mai ciwon baya ba ya samun wata kujerar. Abin da ya fi duka, ba na so in zama ni ne zan tsaya in ga fuskarsa lokacin da zai ji.

Na ce mata, da Larabcina na liman, "Baba yana aiki. Sai an jima."

Ta dube ni. Na kashe.

Ta sake kira. Na kife wayar a ƙasan akwati, na ɗora wasu a kanta. Ina jin katakon yana rawa a jikin ƙafata. Ya tsaya, ya sake, ya tsaya, ya sake. Can ya daina gaba ɗaya.

Na je na jawo Alhaji gefe na gaya masa. Ya yi salati a hankali.

"Ka yi hankali, ɗan nan. Ka ga abin da ke kansa? Da ya saki kayan nan a kan mutane fa? Bari a sha ruwa. Zan nemo limamin masaukinku, mu zaunar da shi."

Na ji sanyi da babba ya ce na yi daidai. Na koma kujerata.

Amma da azumi tun kafin la'asar ake tashi. An rufe kwantena, Mu'allim ya taho yana cire safar hannu, har yana tsokanata wai Alhajina zai ba shi goron Sallah ko sai ya kai ƙara Kano. Ya sa hannu a akwati. Na ga yatsansa ya tsaya a kan gilashin.

"Ta kira."

"Eh."

"Ka ɗauka sau ɗaya."

"Layin ba kyau, Mu'allim. Ban ji komai ba. Na ce bari ya gyaru."

Bai ko dube ni ba, ya riga ya fara kira. Wayar matarsa a kashe. Ta ɗansa a kashe. Ya fita tsakar rana ya tsaya a kan kwalta yana kiran maƙwabta, da surukai, da duk wanda yake da lambarsa. Ba a yi zaman da Alhaji ya shirya ba, don da aka zo yi sai muka ga ba mu san abin da za mu gaya masa ba. Ba mu san ko wa ya mutu ba. Ba mu san ko an mutu ba.

Da Sallah muka fita idi tare, mu mutanen masauki. Ya yi sallah da wayar a aljihun gaba, hannunsa na komawa kanta tsakanin kabbara. Na kai masa shinkafa da nama a ɗakinsa. Ya ce na gode, Hajji, kai ɗan'uwa ne. Na ajiye kwanon na fito da sauri.

Sai bayan Sallah matarsa ta samu waya a makarantar da suka fake. Gidan maƙwabcinsu aka jefa wa bom, bangon nasu ya rufta ta gefen lungun da suke kwana. Ba wanda ya mutu a cikinsu. Tsohon ne ya karye a ƙafa, samarin suka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa. Lokacin da uwar ke ƙoƙarin jawo shi, yarinyar ta ɗauki waya ta shige ƙarƙashin matakala ta yi abin da aka koya mata. Ta yi ta kira har caji ya ƙare.

Mu'allim ya yi sujada a kan simintin sito. Muka taya shi murna, aka sayo lemo. Ya yi magana da matarsa, da samarin, da tsohon a kwance. Da aka zo kan 'yar auta, ta ƙi karɓa. Ina kusa, na ji muryarta daga nesa tana gaya wa uwar, ba da fushi ba, kamar mai ba da saƙo: "Baba yana aiki."

Ya juyo ya dube ni.

Daga ranar bai ƙara saka waya a akwatina ba. Yakan wuce ni da sallama, wayar a cikin safarsa, ina ganin tudunta a ƙwaurinsa. Da manaja ya gani da korarsa zai yi. Na yi kamar ban gani ba, kuma har na ɗauka wannan wani abin kirki nake yi masa. Aka tsagaita wuta, suka koma gidan suka toshe bangon da bargo da kwano. Matar tana kira, samarin suna kira. Yarinyar ba ta kira, in an miƙa mata sai ta maimaita maganar nan ta tafi. Na ga mutumin yana ramewa. Yakan zauna da rana a inuwar kwantena da gurasarsa a hannu, bai ci ba, bai ajiye ba.

Na daɗe ina jiran ya zage ni, don in samu inda zan fara. Da na ga ba zai yi ba, wata rana na bi shi inuwar na tsuguna a gabansa. Na gaya masa layin lafiya lau yake. Na gaya masa abin da na gani da abin da na ce. Sannan na shiga ba shi labarin mahaifina, da tuwon Alhaji, da yadda muke yi a wurinmu. Ya bar ni na gama.

"Sun ɓoye maka bayan an binne shi," in ji shi. "Me za ka iya yi masa a lokacin? Ita da ranta take kirana, Hajji."

Na ce na zaci rasuwa aka yi.

"To da an yi fa? Da shi ne kiranta na ƙarshe fa?"

Ya ci gaba.

"Ni ba don kaina ba. Ni babba ne. Amma ita ba ta san da akwatinka ba. Ban taɓa gaya mata ana karɓe mini waya ba, don kada ta ga ubanta ƙarami. A wurinta ni na ji, ni na ce ina aiki. Na rantse mata, uwarta ta rantse mata. Ta ce Ammu ba ya ƙarya, Ammu kamar liman yake."

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce me zan yi.

"Ka gaya mata. Da bakinka."

Washegari da aka kawo musu wuta uwar ta kira. Ya ciro wayar daga safa a gaban kowa ya miƙo mini a bakin ƙofa, ya koma gefe inda ba za ta gan shi ba. Uwar ta gaishe ni a taƙaice, ta juya wayar. Yarinyar tana zaune a ƙasa, bayanta bargo ne a inda bango yake a da. An yanke mata gashi. Haƙoran gaba sun fito, manya, sun fi ƙarfin fuskar.

Na kwana ina shirya kalmomin, amma da na buɗe baki sai guntaye suka fito. Na ce mata Baba bai ji kiranta ba. Bai ce yana aiki ba. Ni na faɗa, ban gaya masa ba, ƙarya na yi.

Ta ce, "Me ya sa?"

Na nemi yadda zan bayyana mata tuwo da wanke hannu da zaunar da mutum. Ba ni da Larabcinsa, kuma ko da Hausa ne ban ga yadda zai shiga kunnen wadda ke ƙarƙashin matakala ba. Na ce, "Na ji tsoro."

Ta ɗan karkata kai. "Tsoron me? Ai ba a wurinku ake yi ba."

Na ce haka ne.

"Ina wayar take, da Baba bai ji ba?"

Na dubi Mu'allim. Ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Na juya wayar na nuna mata akwatin, da wayoyin mutane kwance a ciki, da jan ƙyallen a kan kujera. Na ce duk wanda zai shiga sai ya ajiye, har Baba. Ta daɗe tana kallo.

"Har Baba?"

"Har Baba."

Sai ta ce, "Ka gaya wa Baba ba a ga kyanwar ba. An ga 'ya'yan biyu, ita ba a gan ta ba."

Yana tsaye taku ɗaya daga ni. Na juya na ce, "Mu'allim, ta ce ba a ga kyanwar ba."

Ya matso, bai karɓi wayar ba, ya sunkuyo ta kan kafaɗata ya ce, "An duba bayan tankin ruwa? Can take ɓuya in ta tsorata."

"Tankin ya faɗi."

"To ƙarƙashinsa. Ki ce yayanki ya ɗaga, kada ke ki taɓa."

Sannan ta ce, ba ta kallona, "Baba, kana aiki?"

"A'a."

Na sa masa wayar a hannu na koma ciki, na tsaya a bayan kwalaye inda ba kowa, har suka gama.

Da yamma na je ofishin manaja na ce ko dai a bar jan ƙyallen, ko a ba wani akwatin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, wato shi ke nan, in dai mota a kashe take. Abin da na ji tsoro har na kife wayar yarinya a kansa ke nan, ɗaga kafaɗa.

Mu'allim ya koma saka wayarsa a akwati, amma ba ya ƙara cewa "ka san dai." Yana ce mini Hajji, muna cin gurasa tare wani lokaci, sai dai tsokanar nan ta goron Sallah ba ta dawo ba, ni kuma ban nema ba. Yarinyar ta koma kira. In na ɗauka takan ce, "Assalamu alaikum, kira Baba," ba ta ƙara cewa Ammu ba. In ɗaga ƙyalle, ya kashe mota, ya taho da sauri fiye da da.

Ba a ga kyanwar ba. 'Ya'yan sun girma, na sha ganinsu suna wucewa ta bayanta. Har na bar siton a ƙarshen shekarar, duk kiran da ta yi da tambaya ɗaya yake farawa. Ina zaune a kujerata nake ji, ko da labarin haƙori ta zo, ko na makaranta.

"Baba, kana aiki?"

Shi kuma, da gumi har gwiwar hannu da kwantena a buɗe tana jiransa, sai ya ce, "A'a. Faɗi."